Hadda ko Ganewa: Amsa ga Uwar da Lissafi Ya Gagari Ɗanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana aji biyar na firamare a nan Jos. Bana an kawo musu sabuwar malamar lissafi, ta ce ita ba ta yarda da haddar jadawalin sau ba, gara yara su gano abu da kansu. Kullum sai ya tafi da murafun kwalba da tsinken tsintsiya. Babansa ya ce wannan wasa ne, ya ɗauko mai lesin da ke sa shi rera sau har sha biyu, ga bulala a gefe. Wata huɗu ke nan, makinsa bai haura talatin da biyar ba. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Ko in canja masa makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya sa albarka a karatunsa.

Kada ki cire shi daga makarantar tukuna. Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli a garin nan, a 'yan shekarun nan kuma ina haɗawa da horar da malamai, kuma yaron da makinsa ya tsaya cak a talatin da wani abu kusan kullum labarinsa ɗaya ne. Akwai wani wuri can baya, wataƙila tun aji biyu ko uku, inda ya tsaya gyara takalmi ayari ya wuce shi. Malamar tana ba shi darasin aji biyar da murafun kwalba, mai lesin yana ba shi da bulala, babu wanda ya koma ya duba inda aka baro yaron.

Ki fara dubawa da kanki yau da daddare, bayan an ci tuwo, ba tare da ya san gwada shi kike yi ba. Ki ce masa, an aike ka da ɗari biyar ka sayo abu na ɗari biyu da tamanin, nawa ne canjinka? Da baki kawai. Sannan ki ɗauko takarda ki rubuta masa 402 − 178. Ki rubuta 8 + 4 = __ + 5, ki ce ya cike gurbin. Daga ƙarshe ki tambaye shi, tsakanin 1/4 da 1/8 wanne ya fi yawa. In ya ba ki 376 a na ɗebewa, ba ganganci ya yi ba, wata doka ce ya ƙirƙira wa kansa: a kowane layi a cire ƙarami daga babba, ko a sama yake ko a ƙasa. Amsar 224 ce. In ya sa 12 a gurbin nan maimakon 7, to a wurinsa alamar daidai tana nufin "ga amsa nan tafe", bai san sikeli ne da dole ɓangarorinsa biyu su yi nauyi ɗaya ba, kuma irin wannan yaro ranar da aka kawo masa aljabara, lissafin da ake sa harafi a madadin lamba, a sakandare sai ya ji kamar an canja masa yare. In kuma ya ce 1/8 ya fi don takwas ta fi huɗu, bai taɓa haɗa waɗannan lambobi da yanka lemo ko rabon ƙosai ba. Amma canjin nan na ɗari biyu da ashirin, ina kyautata zaton zai faɗa miki kafin ki rufe baki.

Wadda ta buɗe min ido a kan wannan wata yarinya ce da na koyar a aji biyu na ƙaramar sakandare. Na ba ta maki goma sha biyu cikin ɗari, har na rubuta mata da jan biro wai ta ƙara ƙoƙari. Ran wata Asabar na shiga kasuwar Farin Gada sayen kayan miya, sai ga ta tana taya mahaifiyarta sayar da tumatir. Na ɗauki kashi uku na ɗari uku da hamsin hamsin, na haɗa da karas na ɗari huɗu. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, dubu da ɗari biyar ba hamsin." Na miƙa mata dubu biyu. Ta sa min hamsin a hannu ta ce dubu da ɗari biyar, ta ɗora ɗari biyar ta ce dubu biyu. Ranar Litinin na kira ta gaban allo na rubuta 2000 − 1450. Ta jima tana juya alli a hannu, sannan ta rubuta 1450. Na ce, yanzu in mai saye ya ba ki dubu biyu kika mayar masa da dubu da ɗari huɗu da hamsin, me Inna za ta yi miki? Ta yi dariya ta ce, "Ai Malam, wannan na makaranta ne."

Na makaranta ne. Wato a kanta lissafi iri biyu ne: na kasuwa, wanda dole ya yi ma'ana don akwai kuɗin Inna a ciki, da na makaranta, wanda ba ruwansa da hankali, sai dai a bi matakai a jira jan biro. Ba mu kaɗai ba ne. A 1985 wasu masu bincike uku sun wallafa abin da suka gani a birnin Recife na Burazil: yara 'yan talla suna cin kusan duk tambayar da aka yi musu a bakin kayansu, amma da aka rubuta musu lambobin nan su ɗin dai a takarda sai suka yi ta faɗuwa.

Gardamar da ta shigo gidanki kuwa ta girme ki, ta girme ni. A 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, hankalin Amurka ya tashi, ta ce an bar ta a baya a kimiyya. Sai malaman jami'a suka zauna suka tsara abin da aka kira sabon lissafi: a rage hadda, a fara wa yara da rukunonin abubuwa da ake zanawa cikin da'ira, da ƙirga a kan tushen biyu ko biyar maimakon goma. Guguwar ta iso Afirka ta tarurrukan da aka fara a Entebbe ta Yuganda a 1962, ta shigo Najeriya da sunan lissafin zamani. Mu 'yan UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka sa mu aji ɗaya, amma na tuna littattafan yayyena cike da da'irori masu shiga juna, mahaifinmu yana jujjuya su yana tambaya ina lissafin yake. A watan Janairun 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya Kanar Ahmadu Ali ya sanar da soke shi. Ba wai lissafin ƙarya ba ne. An kawo shi ne ba a shirya malaman da za su koyar da shi ba, iyaye kuma ba su iya taimakon 'ya'yansu a gida.

Amurkawa sun sake maimaita faɗan. A 1989 ƙungiyar malaman lissafinsu ta fitar da sabbin ƙa'idoji masu fifita ganewa da warware matsala, a shekarun 1990 aka yi ta kai ruwa rana a Kalifoniya tsakanin masu wannan ra'ayi da masu cewa yara sun daina iya rabawa mai tsawo. Sai a 2008 wani kwamitin ƙasa da shugaban ƙasarsu ya kafa ya fito ya ce ganewa, da ƙwarewa wajen aiki da lambobi, da iya warware matsala, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Abin da kowace tsohuwar malamar aji uku za ta gaya musu kyauta. Duk lokacin da aka ɗauki ɓangare ɗaya aka yar da ɗaya, gudun gara ake yi a faɗa gidan zago.

To bari in fara da inda maigidanki yake da gaskiya, don yana da ita. Hankalin ɗan'adam yana da rumbu, yana da faifai. Rumbun nan ba ya cika, duk abin da aka haddace ya zauna yana ciki. Faifan kuwa, wato inda ake ɗora abin da ake juyawa a yanzu-yanzu, ɗan ƙarami ne, masu binciken ƙwaƙwalwa sun ce abu huɗu ko kusa da haka yake ɗauka a lokaci guda. A ce an ba yaro 1/6 + 1/8. Wanda sau ya zauna masa, 24 za ta faɗo masa da kanta, don ya san shida sau huɗu, ya san takwas sau uku, sai ya ba da hankalinsa ga ainihin darasin har ya kai ga 7/24. Wanda bai haddace ba zai sa hannu ƙarƙashin benci yana ƙirga yatsu, kafin ya gama ya manta abin da ake nema. Faifan ya cika da tsakuwa, babu wurin shinkafa. Don haka malamar da ta ce ba a bukatar hadda ta yi kuskure, kuma in da gaske haka ta faɗa, zan gaya mata a gabanta. Ingila ma, da ake ɗauko yawancin waɗannan sabbin dabaru da sunanta, tun 2022 ta wajabta wa 'yan aji huɗu na makarantun gwamnati gwajin jadawalin sau har sha biyu, tambaya 25, kowace a cikin daƙiƙa shida.

Sai dai abin da mai lesin yake yi ba hadda ba ce, waƙa ce. Ki gwada: ki tambayi yaron bakwai sau takwas kai tsaye. In kika ga leɓensa yana motsi, ya koma bakwai sau ɗaya yana hawowa, to waƙar ya iya. Mu da muka yi makarantar allo mun san bambancin mai iya jan sura daga farko kawai da wanda za a tsinko masa aya daga tsakiya ya ɗora. Na biyun shi ne mahaddaci, kuma da tishi ya kai nan, kullum ana komawa baya ana taɓa na jiya da na makon jiya. Haka sau yake so: minti biyar kullum, a gauraye, yau shida sau bakwai, sai tara sau huɗu, sai a dawo kan wanda ya kuskure jiya. Kuma abin ba shi da yawan da ake tsoro. Daga ɗaya sau ɗaya zuwa goma sau goma guda ɗari ne. Ki jera murafun nan nasa layi uku, bakwai bakwai, a kan faifai, ki juya faifan ya ga sun koma layi bakwai, uku uku. Da ya gane uku sau bakwai da bakwai sau uku abu ɗaya ne, ɗarin nan ta koma 55. A cire na ɗaya da na biyu da na biyar da na goma, waɗanda ba sa ba kowa wahala, saura 21. Na tara kuma Bahaushe ya gama da shi tun a kasuwa: tara sau bakwai, saba'in ba bakwai, 63. Saura 15. A kan guda goma sha biyar ake dukan yaro wata huɗu.

Bulalar kuwa ki sa a ajiye ta, ba don tausayi kawai ba. Tsoro shi ma a kan faifan nan yake zama. Yaron da rabin hankalinsa ke kan hannun malam, da rabin da ya rage yake lissafi. Na yi duka a farkon aikina, ban ɓoye ba, kuma abin da na samu shi ne aji mai tsit da yara masu kwafar amsa.

Malamar kuma tana da tata gaskiyar, kuma babba ce. Tsinken tsintsiyar nan, in an san aikinsa, shi ne maganin 376. A ɗaure tsinke goma ya zama ɗauri, a haɗa ɗauri goma ya zama dami. 402 ke nan dami huɗu, babu ɗauri, tsinke biyu. A ce wa yaro ya ba da 178. Zai ga tsinke biyu ba za su ba da takwas ba, ɗauri kuma babu. Dole ya kwance dami ɗaya ya samu ɗauri goma, ya kwance ɗauri ɗaya ya samu tsinke goma. Yanzu gabansa dami uku, ɗauri tara, tsinke goma sha biyu. Ya ba da ɗaya, da bakwai, da takwas, saura 224. Tarar nan da malamai ke cewa a rubuta a saman sifili, yara suna rubutawa ba su san daga ina ta faɗo ba, ga ta nan ya gan ta da idonsa. Ni na ma daina cewa aro a ajina. Aro ana mayarwa, wannan kuwa ba a mayar da komai. Canji ne, kamar yadda ake fasa dubu a samu ɗari ɗari guda goma, kuma babu ɗan Jos da bai san canji ba.

Singafo, da take sahun gaba a gwaje-gwajen lissafi na duniya tun 1995, a kan wannan ta gina tsarinta tun farkon shekarun 1980, bisa tunanin wani masani Ba'amurke, Jerome Bruner. Mataki uku ne: abin da hannu zai taɓa, sannan zane, sannan lambobi zalla. Na tsakiyar shi ne muka fi tsallakewa. A ce Ladi da Talatu sun tara 8,400, na Ladi ya fi na Talatu da 1,400. Ɗan firamare a can zai zana sanda biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo, ya yanke abin da ya ɗara, ya ga saura 7,000 a raba biyu daidai: Talatu 3,500, Ladi 4,900. Ya yi aljabara ke nan bai sani ba. Amma ki lura, mataki uku na ce. Murafu tsani ne, ana hawa a bar shi. In darasi sabo ne, a fito da su ko a aji shida ne. In kuwa wata huɗu ɗan aji biyar yana ƙirga murafu don ya san shida sau huɗu, an zauna a kan tsanin.

Batun yara su gano da kansu, a nan ne na fi rabuwa da ita. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun tattara binciken shekaru masu yawa suka nuna cewa sabon shiga a kowane fanni ya fi koyo idan aka nuna masa a fili, da misalan da aka warware mataki mataki, sannan a riƙa janye hannu a hankali. Wanda ya riga ya ƙware shi ne barinsa ya laluba yake yi wa amfani. Ki ƙara da halin da muke ciki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ni kuwa na shiga ajin da ya haura saba'in, ana sanyin Disamba, tagogi babu gilashi. A ce wa irin wannan aji su kasu rukuni rukuni su gano yadda ake raba kashi da kashi, wato lambobi irin su 1/4 da 1/8, abin da zai faru shi ne yara biyar masu kai su yi, saura su kwafa, na baya su yi hira. Abin da na ga yana aiki shi ne malami ya nuna, ya faɗi dalili, ya jefa tambaya ga wanda bai ɗaga hannu ba, kowa ya rubuta amsa a ɗan allo ya ɗaga a gani, sannan a ba su su yi da yawa.

Duk wannan kuma yana rataye ne a kan abin da ba a son faɗa: shi malamin ya gane? Wata mai bincike, Liping Ma, ta wallafa wani nazari a 1999 inda aka ba malaman firamare 23 na Amurka da 72 na ƙasar Sin tambaya ɗaya: 1¾ ÷ ½, su lissafa, sannan su ƙirƙiro labarin da ya dace da shi. A cikin Amurkawan mutum ɗaya tak ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai, Sinawan kuwa mafi yawansu sun kawo. Nakan gwada wannan tambaya a tarurrukan horar da malamai. Da yawa sukan ce a juya na biyun a ninka, su samu 3½, daidai ne. In na ce a ba ni labari, sai a ce mutum biyu ne za su raba mudu ɗaya da rubu'i uku. Wannan rabawa biyu ce, ba rabawa da rabi ba. Labarin shi ne: kina da gero mudu ɗaya da rubu'i uku, kullum kina dama rabin mudu, kwana nawa zai yi miki? Uku da rabi. Ba na ganin laifinsu. Da yawa lissafin suka gudar wa tun sakandare, aka ɗauke su aiki aka ce kowa ya koyar da komai a ajinsa. Wanda bai gane ba, ko murafu ka ba shi ko bulala, dokar da ya haddace zai miƙa.

Akwai kuma harshe. Ƙirgan Hausa a fili yake: goma sha uku, goma ce da uku, ana ji ana gani. A Turanci yaro yana fama da tatin da tati, fiftin da fifti, a bakin malamin da shi ma bai cika bambanta su ba. Sau da yawa yaron da aka ce ya faɗi lissafi, Turancin tambayar ne ya kayar da shi. Ki karanta masa ita da Hausa ki gani. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekara shida na firamare, ya nuna ba su yi baya ba, har a Turancin kansa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma aka janye aka koma Turanci. Ni na san aji a Jos ba aji a Kano ba ne: benci ɗaya za ki samu Bahaushe da Birom da Ngas da Ibo, ba a yanke wa irin wannan hukunci da baki ɗaya. Amma a tsakar gidanki babu ministan da zai hana ki bayyana wa ɗanki da harshen da yake mafarki da shi. Kalmomin ma muna da su. Rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushuri, duk yana jin su a Islamiyya. Yaron da ya san matar mamaci tana samun rubu'i in babu ɗa, sumuni in akwai, ba zai ce 1/8 ya fi 1/4 ba. Zakkar kuɗi rubu'in ushuri ce, ɗaya cikin arba'in, ga ninka kashi da kashi nan a cikin ibada. Shi kansa Alkhawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, babban ɓangare na littafin a kan rabon gado da wasiyya ya yi shi.

Na ce babu wanda ya koma inda aka baro yaron, kuma wannan ba halin mutum biyun nan kaɗai ba ne, haka tsarin yake. Manhaja ta ce mako na shida a yi kaza, mai duba malamai zai zo ya ga ko an yi, ba zai tambaya ko an gane ba. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba. Lissafi kuwa gini ne, ba kamar labarin ƙasa ba da za ka rasa darasin koguna ka ci na duwatsu. Wanda bai iya ɗebewa ba rabawa ba za ta yiwu masa ba, wanda rabawa ta gagara kashi zai gagare shi, haka har WAEC, inda ake zuwa neman cibiyar da za a rubuta wa yaro amsa a allo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke ba ni mamaki, maganin yana zaurenmu tun kaka da kakanni. A makarantar allo yara talatin suna zaune wuri ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda yake. Ba a wanke maka a yi maka ƙari sai ka biya na jiya. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta gina shiri a kan irin wannan tunani: a gwada yara da ɗan gajeren gwaji na baki, a kasa su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum a kan tushe. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna shirin suka ga yana aiki, kuma an gwada shi a jihohi irin su Borno da Kano. Sai da ya zagaya ta Indiya ya dawo da sunan Turanci muka yarda dabara ce.

Don haka ki mayar da mai lesin malamin allo. Ki nuna masa takardar gwajin daren yau, ki ce daga nan za a fara, ko da aikin aji biyu ne, kuma ba a ƙari sai an biya. Ya bar aikin gida na makaranta, ba don shi kike biyansa ba. Minti biyar na sau a gauraye, sauran lokacin a kan ramin da aka gano, da tsinke in ana bukata, sannan zane, sannan lambobi. In ya ce shi ba haka ya saba ba, ki nemi wani. Malamar kuma ki je ki same ta da mutunci, ba a gaban yara ba, ki tambaye ta yaushe ake ajiye murafu a koma takarda, kuma me take yi wa yaron da bai iya na baya ba. In ta ba ki amsa mai kan gado, ki riƙe ta da kyau, irinta ba su da yawa. Ki buɗe littafin aikinsa: ana dubawa? Inda ya kuskure an sa shi ya gyara, ko an ja jan layi an wuce? In kika ga mako uku babu hannun malami a ciki, a nan ne maganar canja makaranta za ta taso. Shi kuma Alhaji, ki ce masa na ce haddar da yake so za a yi ta, ya karɓi minti biyar ɗin nan ya zama nasa, a mota ko bayan Magariba. Abu ɗaya nake roƙonku ku biyun: kada yaron ya ƙara jin wani a gidan ya ce ai mu duk ba mu da kan lissafi. Yara suna karɓar wannan magana kamar gado.

In ya fara samun kansa, ga abin da za ki ba shi ya laluba shi kaɗai, don ganowa da kai ma tana da ranarta. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan hatimin lambobi. Ki zana masa mafi ƙanƙanta: gida tara, uku uku. Ya zuba 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Zai goge takardar har ta huje. Ki ƙyale shi, kuma ko ya roƙe ki kada ki gaya masa wace lamba ce take zama a tsakiya.